Ni da haɗa sabulu, daga gwangwanin madara zuwa sikeli

Jiya da daddare bayan yara sun kwanta na taka kujera na sauko da tiren da ke saman wadurob, na ɗauki sabulu guda ɗaya na danna shi da babban yatsa, ko gezau bai yi ba, ya yi tauri yadda nake so. Na kai hanci, ƙamshin man kaɗanya ne sai ɗan na'a-na'a can ƙasa ƙasa. Kwanansa 38 kenan da zubawa, saura kwana 4 ya cika sati 6, kuma wallahi sai da na danne zuciyata kafin na mayar da shi inda yake, don ji nake kamar in shige banɗaki da shi a lokacin.

Ba sayarwa nake ba, gara in faɗi wannan tun yanzu don duk wadda ta ga sabulun a gidana tambayarta ta farko kenan, Hajiya nawa ne guda? Aikina daban, wannan abu ne da nake yi don raina na so, ranar Asabar in na gama wanki da girki sai in shiga ɗan lungun da ke bayan kicin in rufo ƙofa, awa biyu ba mai kirana. Abin da na haɗa mu yi wanka da shi a gida, in kai wa 'yan uwa, in an yi haihuwa in saka guda uku huɗu cikin kayan barka.

Asalin sha'awar daga wajen Inna ne, kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta. Muna yara in mun je ƙauye hutu mukan tarar ta ƙona karan dawa ta tara tokar a wata tsohuwar tukunya mai huda a gindi, ta zuba ruwa a kai yana ɗiga a hankali cikin kasko, wannan ruwan tokar shi za ta dafa da kitse ko man kaɗanya tana juyawa da muciya tun hantsi har la'asar, sai ya koma wani abu baƙi-baƙi mai laushi ta dunƙule shi curi curi. Ban taɓa tambayarta yadda take gane ya yi ba, yarinta, hankalinmu na wajen wasa. Sai lokacin kullen korona a 2020 da aka rufe Kano muka zauna a gida ba fita ba shiga, ina ta kallon bidiyon masu haɗa sabulu a YouTube har data ta ƙare in sake saye, abun ya dawo min sabo. Ana buɗe kasuwa na tafi Sabon Gari wajen masu kemikal na sayo kostik soda rabin kilo.

Haɗina na farko da gwangwanin madara na auna, don haka aka rubuta a wani saƙo da ke yawo a guruf ɗin WhatsApp na mata, gwangwani kaza na soda, gwangwani kaza na ruwa, kwalba kaza ta mai, ba a ma faɗi wane mai ba, kawai mai. Na bi shi sau da ƙafa. Washegari sabulu ya daskare fari tas, na yi ta murna, da na zo yankawa sai ya riƙa farfashewa kamar alli, ban kawo komai a raina ba, bayan kwana 3 na wanke hannu da shi. Kafin in ɗauraye tafin hannuna ya ɗau zafi, bayan hannun ya yi ja, kwana biyu fatar ta fara saɓulewa. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne saura kaɗan in yi wa autana wanka da shi a ranar, lokacin bai fi shekara 2 ba. Na kwashe duka na zubar, na kusa wata biyu ban sake taɓa soda ba.

Da na dawo sai na zauna na karanta abun da kyau, a nan na gane inda gizo ke saƙar. Sabulu ba cakuɗa mai da soda ba ne kawai kamar yadda ake cakuɗa gari da sukari, a'a sodar ce ke cinye man, su biyun su rikiɗe su zama wani abu na uku, wato sabulu da gilisarin. Kuma kowane mai da iya sodar da yake ci. Giram 1000 na man kwakwa yana buƙatar wajen giram 183 na soda kafin ya zama sabulu gaba ɗaya, man ja wajen 142, man zaitun wajen 135, man kaɗanya kuma wajen 128 kacal. Toh ki duba tazarar da ke tsakanin kwakwa da kaɗanya, in kin ɗauki lissafin da aka yi don man kwakwa ko man alayyadi kika zuba wa man kaɗanya, sodar da ta yi saura ina za ta? Tana nan zaune cikin sabulun tana jiran fatarki. Abin da ya same ni kenan. Sannan ita kanta sodar kala biyu ake sayarwa, akwai mai fale-fale kamar ɓawo akwai mai tsaba kamar sukari, gwangwani ɗaya na wannan da gwangwani ɗaya na waccan nauyinsu ba ɗaya ba ne, ga shi in an bar ta a buɗe tana zuƙar danshin iska ta yi nauyi ta dunƙule. Gwangwani bai san duk wannan ba. Mudu da gwangwani da tiya suna da wurinsu, da su muka tashi kuma da su nake auna shinkafa har gobe, amma a sabulu sikeli ne, ɗan ƙaramin nan na kicin mai batir da ke nuna giram ɗaya ɗaya. Shi ne abu mafi daraja da na saya a harkar nan, kuma duk wadda ta ce in koya mata nakan ce ta fara sayo shi tukunna sannan ta zo.

Haɗin da na fi yi yanzu kilo ɗaya na mai ne, giram 300 man kwakwa, 300 man kaɗanya, 200 man ja, 200 man gyaɗa. In kin lissafa sodar kowanne kika tara za ki samu wajen giram 149, amma ba na zuba duka, nakan rage kashi 5 cikin 100 in zuba 141, don ya zama akwai ɗan man da soda ba ta cinye ba, shi ke sa in kin yi wanka jiki ba ya bushewa ya yi fari fat. Ruwa giram 300, shi ma a sikeli nake auna shi. Man kwakwa shi ke kawo kumfa da tauri, in ya yi yawa kuma yana busar da fata, man kaɗanya shi ne mai taushin, kumfarsa kaɗan ce amma mai kauri kamar kirim, man ja yana ƙara tauri ya ba shi kalar ruwan goro mai kyau da ke dusashewa a hankali, man gyaɗa kuwa don sauƙin kuɗi nake sa shi a maimakon zaitun, kuma ba na wuce 200 don in ya yi yawa bayan 'yan watanni sai ki ga ɗigo ɗigon ruwan lemo a jikin sabulun yana warin tsohon mai. Duk ranar da na canja ko mai ɗaya ne sai na sake lissafi daga farko, akwai shafukan lissafin soda kyauta a intanet irin su SoapCalc, ki zuba sunan man da nauyinsa ya fitar miki.

Man kaɗanya ina da mai kawo min daga wajen Neja, jihar Neja nake nufi, can bishiyar take da yawa, ɗanye wanda ba a tace ba mai warin hayaƙin nan. Wasu ba sa son warin, ni kam shi nake so, kuma yawanci yana raguwa sosai kafin sabulun ya gama bushewa. Nakan narkar da shi a wuta kaɗan kaɗan in tace da tsumma mai tsafta don ba a rasa ɗan tsakuwa ko ɓawo a ciki.

Wajen jiƙa sodar ne nake nutsuwa fiye da ko'ina. Safar hannu ta roba, tabarau, riga mai dogon hannu, takalmi rufaffe, taga a buɗe. Ruwa nake fara zubawa a jug ɗin roba mai kauri sannan in riƙa barbaɗa sodar a kai ina juyawa da cokalin silba, soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, in aka juya tana iya tafasowa ta fantsamo fuska. Nan take ruwan zai ɗau zafi kamar an sauke shi daga wuta ya yi wani tururi mai shaƙe maƙogwaro, sai in kau da kai in bar shi ya huce ya washe. Kuma don Allah kar a kusanto da tukunyar alminiyam, irin tukwanen ƙirar gida da muke tuwo da su, soda na cin alminiyam ta fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, ga tukunyar ta lalace ga sabulun ya lalace. Roba mai kauri ko ƙarfen silba da ba ya tsatsa, shi kenan. Kayan da na ware wa sabulu kuma ba sa komawa kicin har abada, na ɗaure su da jan zare don kowa ya gane.

In ruwan soda da man duk sun huce sun dawo ɗumi ɗumi sai in tsiyaya ruwan cikin man a hankali in fara juyawa. Da farko da maburgi nake yi, ranar nan na yi sama da awa ɗaya ina burgawa kafaɗa kamar za ta cire, daga baya na samu blenda ta hannu mai dogon baki, da ita minti 5 ma ya yi yawa, matsalar dai wuta, sau nawa ina tsaka da aiki a ɗauke in koma maburgi. Abin da ake jira shi ne ya yi kauri kamar kunun gyaɗa mai kyau, in kin ɗaga cokali kika ɗiga a kai sai ki ga sawun ɗigon ya tsaya a sama na ɗan lokaci kafin ya nutse. Wannan lokacin nake so fiye da komai a aikin, man da yake garau kina ganin gindin roba ya koma wani abu mai duhu mai sheƙi a gaban idonki, har yau in ya zo sai na ce Masha Allah a fili. Sai in juye a mazubi, ni kwalin madara na ruwa nake yanke wa gefe ko guntun bututun famfo in ina son mai zagaye, in rufe, bayan kwana 1 ko 2 in zare in yanka da wuƙa.

Yanzu maganar da ta fi duk wannan muhimmanci a wajena, kuma ina roƙon duk mai yara a gida ta karanta a nutse. Ruwan soda in ya huce ba shi da maraba da ruwan sha a ido, fari ne garau ba kala. Likitoci a Najeriya da Gana sun daɗe suna kokawa kan yaran da ake kawo musu sun sha ruwan soda a gidajen masu haɗa sabulu, yawanci don an zuba shi a gorar ruwa ko kofi an ajiye a ƙasa ana jira ya kwana, yaro ya dawo daga wasa da ƙishi ya ɗaga ya kurɓa. Kurɓa ɗaya tana ƙona maƙogwaro da hanyar abinci, in ya warke wajen ya tsuke har yaro ya kasa haɗiyar ko koko, wasu sai an yi ta aiki a kai shekara da shekaru. Ni ma kaɗan ya rage in ga ƙarshen abun da idona, ranar na ajiye jug ɗin a kan dakali na juya ɗauko sikeli, ina waigowa na ga ɗana ya miƙa hannu, ihun da na yi har maƙwabta sai da suka leƙo, daren ranar ban runtsa ba. Tun daga nan na sa wa lungun kwaɗo, makullin yana wuyana, ba na jiƙa soda in bar ta ta kwana ko da wasa, wadda zan yi aiki da ita a ranar kawai nake jiƙawa, kuma ba na fara aiki sai yara na makarantar allo ko babansu ya fita da su. In tsautsayi ya faru ta taɓa fata ko ido, ruwa mai yawa za a yi ta kwararawa aƙalla minti 15. In yaro ya sha kuwa kar a sa shi amai, kar a ɗura masa man ja kamar yadda muka saba yi in an sha guba, aman zai sake ƙona hanyar ne karo na biyu, asibiti kawai za a nufa da gudu a tafi da ledar sodar a nuna musu.

Yanayi ma yana da nasa. Da hunturu sabulu ya fi saurin bushewa amma man kaɗanya da na kwakwa suna daskarewa tun kafin ki gama shiri, kuma saman sabulun yakan yi wani farin gari kamar an barbaɗa toka, ba ya cutarwa, wankewa ɗaya yake fita. Da bazara in zafin Afrilu ya haura digiri 40 ba na lulluɓe shi da komai, don shi kansa yana ɗaukar zafi daga ciki, in ya yi yawa sai ya tsage ta tsakiya. Damina ce mai wahala, gilisarin ɗin da ke ciki yana jawo danshi sai ki ga sabulu yana gumi, a watan Agusta ma hutawa nake.

Kayan ƙari kam na gwada da yawa, kurkum yana ba da kala mai kyau amma tana kodewa, garin zogale da na zuba ina ɗokin ganin kore shar sai ya koma ruwan ƙasa bayan sati biyu, gawayi da aka daka lukui yana zama baƙi wuluk yadda yake, zuma ƙaramin cokali ɗaya ta isa don tana ƙara masa zafi, man darbejiya kaɗan nake sawa saboda warinsa. Turare ne ya taɓa ɓata min haɗi guda, na ɗauko turaren feshi mai tsada na tsiyaya, cikin daƙiƙa kaɗan komai ya sandare a roba har cokalin ya maƙale, ashe sinadarin barasar da ke cikin turaren feshi haka yake wa ɗanyen sabulu. Yanzu man ƙamshi zalla nake sawa, na na'a-na'a ko na lemun tsami, shi ma in gwada a ɗan kaɗan tukunna.

Akwai tambayar da ke sosa min rai kuma kusan kowace mace sai ta yi ta, wai yana sa fari? In na ce a'a sai in ga fuska ta canja, wata ma cewa ta yi in zuba mata ɗan haɗi a nata za ta biya. Na ce mata Yaya ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Na ga abin da mayukan bilicin suka yi wa mata a unguwarmu, fuska fari gwiwar yatsu baƙi, jijiyoyi kore a waje, fata ta yi siririya ko ƙaramin rauni ba ya warkewa da wuri, NAFDAC kullum cikin gargaɗi take kan masu sinadaran makuri da haidurokwinon da sitiroyid, amma har yanzu ana damawa a baho ana ɗurawa a roba ba suna ba komai ana sayarwa. Sabuluna wanke jiki yake ya bar fata da laushinta da kalar da Allah ya ba ta, iyakarsa kenan, kuma ba na cewa yana maganin ƙuraje ko ƙyasbi ko wani abu don ni ba likita ba ce.

Sai jira. In kin yanka sabulu kika jera a tire da tazara a tsakani inda iska ke shiga ba rana ba, sati 4 zuwa 6 za ki bar shi kina juya shi lokaci lokaci, ruwan ciki ya fita, ya yi tauri, ya yi sanyi a fata, ya kuma daɗe bai narke a banɗaki ba. Nakan auna guda ɗaya a sikeli duk Juma'a in rubuta a littafi, in nauyin ya daina sauka na san ya kai. Da nakan ga sati 6 da tsawo har na karanta yadda ake yi a Halab ta Siriya, inda suke dafa man zaitun da man wata bishiya da suke kira gar, su zuba a daɓe su yanka su jera kamar ginin bulo ya yi wata 6 zuwa 9 yana shan iska, wajensa ya koma ruwan zinari cikinsa na nan kore. Haka mutanen Nablus a Falasɗinu, nasu fari na zaitun zalla, ɗaruruwan shekaru suna yi, kuma a Disamban 2024 UNESCO ta saka duka biyun cikin jerin al'adun duniya da ake karewa. Da na ga hoton hasumiyar sabulun Nablus an jera ta zagaye har sama sai da na kira babansu ya zo ya gani.

Abin ya sa na koma tunanin namu. Sabulun salo da muke saye a kasuwa, wanda Yarbawa ke kira ose dudu mutanen Gana kuma alata samina, da toka ake yinsa, tokar ɓawon kokon da ake cakulan da shi ko ɓawon ayaba da man alayyadi ko kaɗanya, danginsu ɗaya da na Inna. Toka sinadarin fotasiyam ke cikinta shi ya sa sabulunta ke zama da laushi, soda kuwa sodiyam ce shi ya sa namu ke tauri. Abin da ke ɗaure min kai har yanzu shi ne ruwan toka ba shi da lamba a jikin leda, yau ya yi ƙarfi gobe ya yi salam, ya danganta da karan da aka ƙona da yawan ruwan, amma Inna ba sikeli ba littafi, kuma ban taɓa jin sabulunta ya ƙona kowa ba. Dafuwar da take yi doguwa ce, tana gani tana ƙara mai ko ruwan toka har ya daidaita, shekara hamsin tana yi hannunta ya san abun. Ni ba ni da waɗannan shekarun, shi ya sa nake riƙe da sikelina.

Amma ina so in koya. Akwai ƙanwar Inna da ke raye a ƙauyen, ta tsufa sosai amma hankalinta garau, na aika mata ta ce in zo bayan an gama girbi lokacin kara ya bushe, in taho da man kaɗanya kwano ɗaya, ita za ta sa a tara mata karan dawa. Na riga na nemi hutun kwana 3 a wajen aiki, zan tafi da littafina da sikelin, duk abin da ta ɗiba da hannu in ɗora in rubuta nauyinsa kafin ta zuba a tukunya.